Masanan ruwa na ƙaruwa a Nijar, amma wa ke biyan kuɗin awo?

A daminar 2024 ruwa ya yi wa Nijar ɓarna irin wadda aka daɗe ba a gani ba. Alƙaluman da gwamnati ta bayar daga ƙarshe sun nuna kusan mutum 400 sun rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. A Damagaram tsohon masallacin Birni, ginin ƙasa na ƙarni na 19, ya zube a farkon watan Satumba mutane na kallo. An ɗage komawa makaranta zuwa ƙarshen Oktoba, saboda azuzuwa da dama sun rushe, wasu kuma sun zama masaukin waɗanda suka rasa muhalli. To amma duk wanda ya san Damagaram ya san abin da ke biyo baya idan bazara ta kama: mata da yara a layin fanfo da bidona tun kafin asuba, ƴan ga-ruwa kuma na ƙara farashi.

Gari ɗaya, a cikin shekara ɗaya, ruwa ya rusa shi, ƙishirwa kuma ta dame shi. Wannan ba aikin addu'a kaɗai ba ne, ba kuma aikin ƴan siyasa kaɗai ba. Akwai mutanen da karatunsu ke nan: su san nawa ne ya sauko daga sama, nawa ya gudu a ƙorama, nawa ya nutse ƙasa, a wane zurfi yake kwance, kuma ko ya dace a sha. Nijar na yaye irin waɗannan mutane yanzu fiye da kowane lokaci a tarihinta. Abin da bai ƙaru tare da su ba shi ne kayan aikin da ke sa digirin ya yi amfani, wato rijiyoyin awo, ma'aunan kogi, ɗakunan gwaje-gwaje, da albashin wanda zai riƙa zuwa ya karanta su shekara da shekaru. Galibin wannan hidima baƙi ne suka daɗe suna ɗauke da ita, kuma tun 2023 da yawansu sun tattara nasu ya nasu.

Ta fuskar makarantu, ba a ce babu ba. Har zuwa 2010 jami'ar gwamnati ɗaya ce a ƙasar, ta Abdou Moumouni da ke Yamai, wadda ta faro a 1971. A 2010 aka kafa ta Maraɗi, ta Damagaram da ta Tawa, a 2014 kuma aka ƙara ta Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi na da tsangayar noma da kimiyyar muhalli, ta Difa kuwa tun farko kan muhalli da noma aka ɗora ta. A Yamai akwai makarantar EMIG ta ma'adinai da ilimin duwatsu. Akwai cibiyar AGRHYMET, wadda ƙungiyar CILSS ta kafa a 1974 bayan babban farin da ya kashe dabbobi da mutane a Sahel, kuma har yau ɗalibai daga ƙasashe da dama na zuwa can koyon kimiyyar yanayi da ta ruwa. Cibiyar ACMAD mai nazarin yanayin nahiyar Afirka a Yamai take, haka ma hedikwatar Hukumar Kogin Isa mai ƙasashe tara. Wanda ya samu hali yana iya tafiya 2iE a Wagadugu, ko cibiyar ruwa da makamashi ta Jami'ar Tarayyar Afirka da ke Tilimsan a Aljeriya, ko kuma shirin WASCAL da Jamus ke biya, wanda reshensa na sauyin yanayi da makamashi ke Yamai, na albarkatun ruwa kuma a Jami'ar Abomey-Calavi ta Benin. Babban birni kaɗan ne a Afirka ta Yamma ya tara cibiyoyin ruwa da yanayi kamar Yamai.

Saboda haka batun ba na rashin azuzuwa ba ne. Batun shi ne me ɗalibi zai auna, da me zai auna, kuma wa zai ci gaba da awon bayan ya kare kundinsa.

Abin da awo ya tona

Don a gane dalilin da ya sa muke nanata maganar awo, a dubi abin da ya faru a gabashin Yamai. A shekarun 1970 da 1980 damina ta yi ƙaranci a Sahel baki ɗaya. A watan Yunin 1985 kogin Isa ya daina gudu a Yamai. Duk mai hankali zai ce to ruwan rijiyoyi ma ya ja baya. Sai ga shi da masu bincike suka tara awon rijiyoyin ƙauyukan yankin, tun daga wanda aka rubuta a farkon shekarun 1960, suka tarar akasin haka ne: daga 1963 zuwa 2007 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya tashi da kimanin mita 4. Dalilin ba ya sama, a ƙasa yake. An sassabe daji an mai da shi gonakin hatsi, ƙasa ta yi tauri, ruwan sama da da yake tsayawa itatuwa su shanye sai ya riƙa gudu yana taruwa a tabkuna da kwaruruka, daga nan ya tsiyaya zuwa ƙasa. Lalacewar ƙasa a sama ta cika ma'ajiyar ƙasa.

Ba wani tauraron ɗan adam ko kwamfuta da ta fara gano wannan. Igiya ce mai awo da littafin rubutu, da mutanen da suka riƙa komawa rijiya ɗaya shekara bayan shekara. Kuma sakamakon ba na ajiyewa a ɗakin karatu ba ne. Shi ke nuna cewa a wannan yanki akwai rarar da za a iya yin noman rani da ita, shi kuma ke taimakawa a fahimci abin da ya sa a wasu unguwannin kwarin Gunti Yena, cikin birnin Yamai, ruwa ke tsattsafowa daga ƙasa yana cin tushen gidaje.

Wannan sauyin ƙasa ɗin dai shi ya canza halin kogin. Tun da can cikar da ake jira a Yamai ita ce ta sanyin hunturu, ruwan da ya taso daga tsaunukan Gini ya ɗauki watanni yana ratsa Mali. Yanzu mai haɗarin ita ce jar cika ta Agusta da Satumba, wadda ƙoramun Sirba, Dargol da Goruwol ke kwararowa da ita daga ɓangaren Burkina Faso, ruwa jawur da laka. Ma'aunin kogi na Yamai, wanda ake karantawa tun 1929, yana shiga matakin jan gargaɗi ne a mita 6 da santimita 20. A Satumbar 2020 ya kai mita 7, abin da ba a taɓa rubutawa ba, ruwa ya karya katangar kariya ya shiga unguwannin hannun dama. Da ba don dogon jerin alƙaluman nan na kusan shekara ɗari ba, da har yanzu ana gina katangu bisa lissafin kogin da ya riga ya canza hali.

Haka nan maganar Tabkin Cadi. An daɗe ana maimaita cewa ya ƙafe da kashi 90 cikin ɗari, ana nuna hoton shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, kusa da na tsakiyar shekarun 1980. Gaskiya ne ya ragu ƙwarai a wancan lokaci. Sai dai binciken shekarun baya-bayan nan ya nuna tabkin ba ƙafewa yake ci gaba da yi ba, yana cika yana ja gwargwadon damina, kuma wani ɓangaren ruwansa na ɓoye ƙarƙashin ciyayi inda hoto ba ya nunawa. Masunta da manoman tattasai na Difa sun san haka da idonsu. Amma idan aka zauna taron neman kuɗi, wanda ke riƙe da alƙaluma shi ake saurare.

Darasin Tibiri

Idan akwai wurin da ya kamata kowane ɗalibin kimiyyar ruwa a ƙasar nan ya sani kafin a ba shi takardar shaida, Tibirin Gobir ne, ƴan kilomitoci daga Maraɗi. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000 mutanen garin sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi, foraj ɗin da aka yi murna da samunsa. Ruwan garau yake, ba wari ba ɗanɗano. Amma yana ɗauke da sinadarin fuluwor fiye da ninki uku na iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a kowace lita. Wannan sinadari daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa yake fitowa, ba wani ne ya zuba ba. Kaɗan daga cikinsa na ƙarfafa haƙori, idan ya yi yawa kuma sai ya ɓata haƙoran yara ya lanƙwasa ƙashinsu. Dubban yara abin ya taɓa, ɗaruruwa suka tashi da ƙafafu a karkace. Waɗannan yara yau manya ne, suna nan da nakasar.

Gwajin da zai nuna fuluwor a ruwa ba mai wahala ba ne, ɗalibin lisans ma zai iya yin sa idan akwai na'ura da sinadaran gwaji. Abin da aka rasa shekara goma sha biyar shi ne tsarin da zai tilasta a riƙa yi, da wanda za a tuhuma idan ba a yi ba. Yau kuwa rijiyoyin burtsatse sun ninka na wancan zamani nesa ba kusa ba. Attajiri ya haƙa sadaka, ɗan ci-rani ya aiko kuɗi daga Libiya ko Abijan a haƙa a ƙauyensu, mai sayar da ruwan leda ya haƙa a bayan gidansa. Alheri ne, babu mai musu. Amma nawa daga ciki aka gwada ruwansu kafin a buɗe, nawa aka sake gwadawa bayan shekara biyu, kuma a ina aka rubuta zurfinsu da irin ƙasar da aka ratsa? Kowace rijiya da aka haƙa ba a rubuta ba, ilimi ne da aka biya kuɗinsa aka zubar. Mai haƙa ya ga yashi a mita kaza, laka a mita kaza, dutse a mita kaza, ya kwashe injinsa ya tafi da labarin a kansa.

A nan ne jami'o'in jihohi ya kamata su fi kowa amfani. Ba sai an kai kwalbar ruwa daga Madawa ko Magarya har Yamai ba. Ɗakin gwaje-gwaje ɗaya mai aiki a kowace jami'a, wanda doka ta amince da sakamakonsa, zai ba ɗalibai abin koyo, ya ba ƙananan hukumomi wurin zuwa, ya kuma samo wa jami'ar kuɗin shiga. Sai dai na'ura ba ta aiki da ranar buɗe ta kawai. Tana son lantarki marar yankewa, sinadarai masu ƙarewa, da ma'aikacin da ya iya gyara. Waɗannan ukun su ne ba sa shiga hoton bikin yanke kyalle.

Da kuɗin wa?

Duk manyan binciken da aka ambata a sama, idan aka bi diddigin kuɗinsu, waje za a ɓulla. Gagarumin aikin awon HAPEX-Sahel na 1992 a kewayen Yamai, da cibiyar sa ido ta AMMA-CATCH da ta gaje shi, cibiyar binciken Faransa ta ORSTOM, wadda ta koma IRD, ita ce ƙashin bayansu. Tsarin gargaɗin ambaliya na ƙoramar Sirba Italiya ce ta tallafa. Nazarin yadda Gulbin Maraɗi ke ciyar da ruwan ƙasa, wanda masanan Jami'ar Abdou Moumouni suka yi a shirin GroFutures, Birtaniya ce ta biya. Binciken da ya yi amfani da tauraron ɗan adam ya ƙiyasta kubik mita biliyan 50 na ruwa a ƙarƙashin kudu maso yammacin ƙasar, hukumar MCC ta Amurka ce ta ɗauki nauyinsa. Ko babban shirin ruwa na PISEN, mai dala miliyan 400, daga Bankin Duniya ya fito a 2021.

Ba laifi ba ne a yi aiki da baƙi, kimiyya ba ta da iyakar ƙasa. Kuma ƴan Nijar da dama sun yi digirin dakta a cikin waɗannan shirye-shirye, su ne malaman jami'o'inmu a yau. Illar ita ce shiri na da ranar ƙarewa, ruwa kuwa ba shi da ita. Shiri ya zo na shekara huɗu ko biyar, a kafa na'urori, a sayi mota, a ɗauki ɗalibai biyu ko uku. Ya ƙare, batir ya mutu, na'ura ta tsaya, a samu giɓin shekaru a jerin alƙaluma. Giɓin awo kuwa ba ya cikuwa. Ruwan da ya wuce ƙarƙashin gada bara ba a auna ba, ya wuce ke nan. Illa ta biyu, mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya. Abin da ke damun mai ba da tallafi a Turai, kamar yadda damunar Afirka ke shafar yanayin duniya, tambaya ce mai kyau, amma ba lallai ta zama ita ce tambayar magajin garin Tasawa ba, wanda ke son sanin ta ina zai fitar da ruwan da ke kwanciya a kasuwa.

Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, wannan dogaro ya fito fili. Faransa ta dakatar da tallafinta, ofishin jakadancinta ya rufe, hanyar biza da burs ta ɗalibai zuwa can ta toshe. MCC ta dakatar da ayyukanta. Kamfanin Sin da ke gina madatsar Kandaji ya tsai da aiki a watan Agustan wannan shekara saboda kuɗi sun daina zuwa. A 2025 kuma Amurka da kanta ta rushe hukumar USAID. Hukumomin ƙasar sun zaɓi tafarkin dogaro da kai, kuma a fannin ruwa sun nuna da gaske suke: daga Janairun 2024 kamfanin ƙasa na NDE ya karɓi rarraba ruwan birane daga SEEN, wanda kamfanin Veolia na Faransa ke da rinjaye a ciki. To amma karɓar fanfo abu ɗaya ne, sanin abin da ke ƙarƙashin fanfon wani abu ne daban. Ƙasar da ba ta biyan kuɗin awon ruwanta da kanta, ko ta kori kowa, da alƙaluman wasu za ta ci gaba da yin lissafi. Ƙasashen Tarayyar Afirka sun daɗe da yi wa kansu alƙawarin ware kashi 1 cikin ɗari na arzikin da suke samarwa don bincike. Nijar, kamar galibin maƙwabtanta, ba ta kusa da wannan ba.

Shi kuma ɗalibin da ke tsakiya fa? Ya ci BAC, ya yi lisans cikin cunkoso da yajin aiki, shekarar karatu ɗaya ta shiga cikin wata. Ya samu gurbin masta, wanda sau da yawa sai an biya. Lokacin kundi ya zo, ana bukatar ya je fili, ya ɗebo ruwa daga rijiyoyi talatin ko arba'in, ya biya kuɗin gwaji. Idan malaminsa na cikin wani shiri mai kuɗi, ya dace. Idan babu, sai ya rage rijiyoyin zuwa abin da aljihun iyayensa zai ɗauka, ko ya koma ga rarraba takardar tambayoyi a unguwa, ko ya sauko da hotunan tauraron ɗan adam kyauta daga intanet ya zana taswira ba tare da ya taka wurin ba. Ba raina wannan ake ba, hotunan na da amfani sosai. Amma hoto daga sama sai an gwada shi da abin da ke ƙasa, in ba haka ba ado ne. A haka muke samun masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa da ya kare kundinsa da yabo, bai taɓa tsayawa kan gwajin ƙarfin rijiya daga farko har ƙarshe ba.

Malaminsa ma na da tasa matsalar. Ƙarin girma daga hukumar CAMES yake zuwa, ita kuma maƙalolin da aka buga take ƙirgawa. Malamin da ya shafe shekara goma yana kula da rijiyoyin awo ashirin, yana tsabtace alƙaluma yana ajiyewa don kowa ya amfana, zai ga wanda ya buga gajerun maƙaloli biyar ya wuce shi. Ba abin mamaki ba ne kowa ya riƙe ɗan abin da ya auna a kwamfutarsa kamar gadon gidansu.

Bayan digiri sai bautar ƙasa, sai jira. Ma'aikatar ruwa, ofishin ONAHA mai kula da filayen noman rani, hukumar hasashen yanayi, ofishin tantance tasirin ayyuka ga muhalli, duk suna bukatar matasa, amma ɗaukar ma'aikata ba ta tafiya daidai da yawan masu fitowa. Ƙungiyoyin agaji, waɗanda da su ne ke kwashe da yawa, wasu an rufe su, wasu kuɗinsu ya ragu. Shi ya sa za ka tarar da mai masta kan ruwa yana koyarwa a makarantar kuɗi, ko yana kasuwancin waya, ko yana cike takardun neman gurbin dakta a Maroko, Turkiyya, Sin ko Kanada. Wanda ya tafi kuma da wuya ya dawo, ba don ba ya son gida ba, sai don ya san ba zai tarar da na'urar da ya koyi aiki da ita ba.

Abin takaicin shi ne yanzu ne aka fi bukatarsu. A ƙidayar 2012 mutanen Nijar miliyan 17 ne da ɗoriya, yau an haura miliyan 25. Takardun gwamnati sun daɗe suna cewa ƙasar na da kubik mita biliyan 2.5 na ruwan ƙasa mai sabuntawa duk shekara, da biliyan 2,000 na tsohon ruwan da ba ya sabuntawa. Alƙaluma ne masu daɗin faɗi a jawabi, amma ba sa gaya wa manomin albasa na Galmi ko na kwarurukan Ayar nawa zai ja kafin rijiyar maƙwabcinsa ta ƙafe. Injin ban ruwa mai aiki da hasken rana ya sauƙaƙa noma, ya kuma cire birkin da tsadar mai ke sawa, domin rana ba ta aiko da takardar biya. Gwamnati ta sa babban shirin noman rani a gaba, abin da ya dace da ƙasar da damina ke yaudara. Sai dai duk hekta da aka buɗe tambaya ce: daga wace ma'ajiya, nawa take samu a shekara, kuma gishiri zai taso ko ba zai taso ba? Madatsun Mozage da Zango da ke ciyar da filin noman Ƙonni sun nuna yadda yashi ke cinye wurin ruwa a hankali. Kandaji, mai nisan kimanin kilomita 180 daga Yamai, wadda aka aza harsashinta tun 2008, ranar da aka gama ta za ta bukaci masu lissafin sakin ruwa na kullum, ba masu zuwa daga waje su yi wata uku su koma ba.

A arewa kuma akwai abin da ya fi wannan nauyi. Mahaƙar COMINAK ta Akokan ta rufe a 2021 ta bar tarin dusar yuraniyom ta kimanin tan miliyan 20, a yankin da mutane ke shan tsohon ruwan da ba ya sabuntawa. A 2025 gwamnati ta mai da SOMAIR mallakar ƙasa. Ko wane ne mai kamfanin, wani zai riƙa auna ruwan Arlit na tsawon shekarun da suka fi rayuwar kowane kamfani, kuma gara ya zama wanda ba a ƙarƙashin mai haƙar yake cin abinci ba. Haka wuraren haƙar zinariya, daga Komabangu zuwa Jado, inda ake wanke ƙasa da sinadarai masu guba. Haka rijiyoyin man Agadem da bututun da ya ratsa ƙasar zuwa gaɓar tekun Benin.

Sannan ruwanmu da yawa ba a gida yake farawa ba. Gulbin Maraɗi daga Najeriya yake shigowa, madatsar Jibiya na gabansa. Komadugu Yobe da ke shayar da Difa ya dogara da abin da madatsun Tiga da Challawa na jihar Kano suka saki. Akwai yarjejeniyar Maiduguri ta 1990 kan raba waɗannan ruwaye tsakanin ƙasashen biyu. Amma yarjejeniyar rabo ba ta aiki sai kowane ɓangare ya zo da awonsa. Ficewa daga CEDEAO ba ta canza inda gulbi ke gangarawa ba, kuma ɗalibin Maraɗi da na Katsina ma'ajiyar ƙasa ɗaya suke nazari, da harshe ɗaya suke tambayar masu rijiyoyi.

Ina kuɗin zai fito? Dokar ruwa ta 2010 ta riga ta tanadi cewa mai ɗibar ruwa da yawa ya biya, mai gurɓatawa ma ya biya. A ganinmu, wani kaso sananne na wannan kuɗi, daga kamfanonin ma'adinai, na mai, na ruwan kwalba da manyan gonaki, ya kamata a keɓe shi ga awo kaɗai, a damƙa wa jami'ar kowace jiha rijiyoyin awo da ma'aunan ƙoramun yankinta ta hanyar kwantiragi da ma'aikatar ruwa. Ɗalibin masta ya gaji jerin alƙaluma daga na gabansa, ya ƙara nasa shekara biyu, ya miƙa wa na bayansa, sakamakon kuma a buga shi inda kowa zai gani. Wannan bai kai kuɗin kilomita kaɗan na kwalta ba. A kuma hana biyan ɗan kwangilar haƙa rijiya kuɗinsa na ƙarshe sai ya kawo takardar zurfi da ta gwajin ruwa.

Ƴan uwa mazauna waje na da rawar da ta fi aiko da tsofaffin littattafai. Wanda ke koyarwa a wata jami'a na iya kula da ɗalibi tare da malamin gida ta intanet, ya buɗe masa ƙofar ɗakin gwaje-gwajensa na wata uku. Ƙungiyar ƴan gari da ta tara kuɗin foraj ta ƙara ƴan jikkuna na gwajin ruwa, ta nemi a ba ta takardar a hannu. Matashin da ke tunanin shiga fannin kuwa, kafin ya biya kuɗin rajista ya tambaya: sau nawa ake fita fili, wace na'ura ce ke aiki a yanzu, kuma ina waɗanda suka gama bara suke?

Akwai kuma batun harshe. Hasashen damina da AGRHYMET da ACMAD ke fitarwa duk shekara kafin shuka ya yi gargaɗin cewa daminar 2024 za ta yi ruwa fiye da yadda aka saba. Ilimin ya wanzu, a rubuce, da Faransanci da Ingilishi. Abin da bai isa ba shi ne wanda zai mai da shi maganar unguwa: wane kwari ne zai cika, wace magudana ce ta toshe, waɗanne gidaje ne ke kan hanyar ruwa. Abdou Moumouni, ɗan Tasawa da jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, masanin makamashin rana ne, kuma tun a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yi kira a koyar da harsunan gida. Kundin tsarin da aka zartar a Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Ba zai gagara ba a wajabta wa duk mai kare kundin masta ko dakta kan ruwa da muhalli ya rubuta shafi biyu da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Tamashek, ya kai wa garin da ya ɗebo ruwansu, a karanta a rediyon yankin.

Manoman Maraɗi da Damagaram sun riga sun nuna cewa ilimi na tafiya ta ɓangarorin biyu. Sassabin zamani, wato barin tohon gawo da sauran itatuwa a gona ana yi musu aski, ya bazu tun shekarun 1980 daga gona zuwa gona, a Magarya, Matamai, Mirya da Agye. Sai a shekarun 2000 masu bincike, ciki har da ƴan Nijar, suka haɗa tsofaffin hotunan jirgin sama da na tauraron ɗan adam da ƙidayar ƙafa, suka tarar abin ya kai kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200. Tambayar da ke biye, wato me waɗannan itatuwa ke yi wa ruwan rijiyoyin yankin, amsarta na bukatar rijiyoyin awo a gonakin Ɗan Saga da na Magarya, da wanda zai riƙa zuwa da igiya duk wata har shekara ashirin.